Alƙaluman Zogale na Kawu Na'iya

A layin da ke bayan makarantar firamare akwai wani magidanci da ba a taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ko me aka ambata, daga gyaran rediyo har cire haƙori, kafin mai magana ya rufe baki zai ce, "Wannan ai na iya." Da haka sunansa na ainihi ya ɓace, yara da manya suka koma kiransa Kawu Na'iya, shi kuwa ya ɗauki sunan a matsayin lambar yabo. Shi ne ya gyara agogon bangon maƙwabcinsa har ya koma tafiya da baya, sannan ya ce laifin bangon ne, a karkace yake. Matarsa tela ce, ita ke ɗinka kayan makarantar 'yan firamaren, kuma kekenta ne ke riƙe da gidan. Kawu kan ce shi ke riƙe da gidan, keken dai yana ɗan taimaka masa.

Wata rana da hantsi yana zaune a shagon Mai Aski, inda yake yini ba tare da an taɓa masa gashi ko ɗaya ba, sai Mai Aski ya miƙo masa waya.

"Kawu, dubi ikon Allah. Mutum ne ke fere alƙalami da itace."

A cikin wayar, wani mutum ne ya maƙala guntun katako tsakanin tsini biyu, inji na juya shi kamar mazari. Ya kanga masa bakin ƙarfe mai kaifi, ɓawon katakon na zuba kamar zare. Nan da nan guntun ya koma siriri, sumul, yana ƙyalli. Ana cikin haka cajin wayar ya ƙare.

"Bari in jona ta ka ga ƙarshen," in ji Mai Aski.

"Bar ta ta huta. Wane ƙarshe kuma? Itace ne, a juya shi, a fere. Wannan ai na iya."

"Ka taɓa yi?"

"Lokaci ne ban taɓa samu ba."

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa mai iska, tsohuwar bishiyar zogalen da ke bakin kwata ta faɗi ta tare hanya. Da safe masu gidajen suna tsaye suna gardamar wanda zai kwashe ta, sai ga Kawu ya ratso su da igiya a kafaɗa.

"Kowa ya ja da baya. Wannan itacen na kamfani ne."

"Wane kamfani?"

"Kamfanin alƙaluma. Za ku ji a rediyo."

Ba wanda ya yi masa musu. Har taya shi ja suka yi zuwa ƙofar gidansa, suna sa masa albarka. Mai Aski ne kawai ya duƙa ya danna farce a jikin itacen, farcen ya nutse, ruwa ya fito.

"Kawu, wannan ai ba itace ba ne. Rogo ne ya yi tsawo."

"Abin da ba ka gane ba ke nan. Mutumin cikin wayarka wahala yake sha da busasshen katako mai taurin kai. Ni na samo mai ladabi, wanda ko harararsa ka yi zai lanƙwasa."

Tun kafin ya yanke reshe ɗaya, Kawu ya ga ya kamata a nemo kasuwa. Ya sa rigarsa ta fita, ya nufi ofishin shugabar makarantar. Ya san ranar raba kyaututtuka ta kusa, ya kuma san an gayyato shugaban 'yan kasuwa a matsayin babban baƙo, domin ana sa ran zai yi wa wani aji rufin kwano.

"Malama, har yaushe za a riƙa ba yaran da suka yi zarra biron roba irin na kowa? Ni zan yi musu alƙaluman itace, aikin hannu. Babban baƙo kuma zan yi masa na musamman, wanda in ya riƙe sai ya rufe muku ajujuwa biyu."

Shugabar ta dube shi ta saman tabarau. "Kana da samfur?"

"Malama, samfur ai na masu koyo ne."

Ta juya maganar a ranta. "Maiɗakinka dai ba ta taɓa saɓa mana alkawari ba. Ko ɗinkin maɓalli ɗaya ta ce gobe, to goben ce. In hannunku ɗaya, na yarda."

"Ai ni na koya mata," in ji Kawu.

Saura inji. Ya jira har matarsa ta tafi kasuwa sayo yadi, sannan ya shiga ɗakin ɗinki. Ya zare bel ɗin keken daga kan da ke ɗinki, ya naɗa shi a jikin wata doguwar ƙusa da ya kafa a benci. Ya kafa wata ƙusar tana fuskantarta, ya soka guntun zogale a tsakani. Ƙarfe mai kaifi irin na mutumin waya ba shi da shi, don haka ya ɗauko wuƙar girki. Ya ɗora ƙafa a kan matakin keken ya fara takawa.

Itacen ya juya kuwa. Kawu ya yi murmushi ya duba ko akwai mai kallo, ba kowa sai fararen rigunan makaranta da ke rataye a igiya. Ya ƙara wuta, ya kanga wuƙa. Maimakon ɓawo ya zuba kamar zare, sai wani ruwa kore-kore ya fara feshi, ya yi wa rigunan ɗigo-ɗigo daga wuya har gindi. Itacen ya tarwatse ya zama zare-zare, zaren ya naɗe ƙusa, ya naɗe bel, ya bi ya shige cikin keken. Kawu ya ƙara takawa don ya fi ƙarfinsa. Bel ya tsinke, ya zo ya same shi a kunne.

Yana riƙe da kunnen matarsa ta shigo. Ta ajiye yadin a hankali, ta dubi rigunan, ta dubi keken, ta dubi mijinta.

"Baban yara, mene ne wannan a kan kekena?"

"Ci gaba ne."

"Ci gaban ne ya tsinka min bel?"

"Bel ɗin ne bai saba da babban aiki ba."

Ta sa yatsu biyu ta ɗago abin da ya rage tsakanin ƙusoshin. "Soson wanke-wanke ka koma yi?"

"Alƙalami ne. Bai ƙarasa ba."

"To Allah ya sa kada ya ƙarasa."

Da ta ji cewa ya riga ya je makaranta ya yi alkawari, kuma da mutuncinta aka karɓi maganar, sai ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ya koma tun da sauran lokaci ya ce wa shugabar wasa yake yi. Ya ce shi bai taɓa wasa da ilimin yara ba. Ta ce in aka kunyata ta a makarantar nan, ɗinkin kayan yaran ya tafi, kuma in ya tafi tukunyar gidan ma ta bi shi. Ya ce nan gaba kaɗan ita da kanta za ta bar ɗinki ta koma lissafin kamfani. Ta fitar da benci da ƙusoshinsa tsakar gida, ta sa wa ɗakin kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.

Kawu bai karaya ba. Ya ce dama keken ɗinki ƙarfin mata gare shi, aikin na buƙatar inji mai numfashi. Ƙanin matarsa, wanda ake kira Auta duk da gemunsa ya fara furfura, yana haya da babur. Kawu ya tare shi a inuwa.

"Auta, har yaushe za ka riƙa yawo cikin rana kana ɗaukar mutanen da ba su san darajarka ba? Na naɗa ka daraktan injuna."

"Yaya, injuna nawa ne?"

"Yanzu dai ɗaya ne, kuma kai ke zaune a kansa."

"Me darakta ke samu?"

"Girma."

Auta ya ce girma ba ya shiga tankin mai. Amma mutum ne mai son kallo, kuma ya san duk inda Kawu ya sa hannu ba a rasa abin ba da labari. Ya yarda.

Aka kafe babur a kan jak a ƙofar gida, ƙafar baya na lilo a sama. Kawu ya yanko tsohon tiyub ya zagaya shi a jikin tayar, ya haɗa da ƙusar benci. Ya aro kurfi wurin wani mai sassaƙa, ya ce masa zai nuna masa yadda ake riƙe shi daga baya. Mutanen layi suka taru. Mata suka leƙo ta katanga.

"Darakta, ba shi wuta."

Auta ya murɗa kaɗan.

"Wannan wutar dafa shayi ce. Ba shi wuta ta kamfani."

Auta ya murɗa har ƙarshe. Benci ya hau rawa, guntun zogalen ya juya har ya daina ganuwa. Kawu ya gyara tsayuwa, ya karkata hula, ya taɓa shi da bakin kurfi. Aka ji fiu. Da aka duba tsakanin ƙusoshin, ba komai.

"Ina yake?" in ji Auta.

Amsar ta fito daga tsallaken titi, daga shagon Mai Aski, inda aka ji ƙarar fashewar madubi, sannan wani ya yi salati. Jim kaɗan sai ga wani ƙaton ɗan sanda ya fito da ƙyallen aski a wuya, guntun zogale a hannu. Gyaran fuska ya zo yi, kuma itacen ya bugi gwiwar hannun Mai Aski daidai lokacin da aska ke kan gashin bakinsa. Ɓangaren dama na nan baƙi ƙirin, har da lanƙwasa. Ɓangaren hagu fili ne fetal.

"Wa ya harbo wannan?"

Taron ya dare, aka bar Kawu shi kaɗai da kurfi a hannu.

"Ranka ya daɗe, gwaji ne."

"Gwajin makami a cikin unguwa?"

"Alƙalami ne, ranka ya daɗe."

Ɗan sandan ya juya guntun, ruwa na ɗiga daga jikinsa. "Da wannan ake rubutu?"

"Za a yi. Kuma in ka ba ni dama in faɗi gaskiya, ɓangaren hagun nan ya fi yi maka kyau. Ka koma saurayi. Na farko da zai fito daga kamfani naka ne."

Ɗan sandan ya ce in ya ga alƙalamin nan a kusa da shi, da alƙalamin da mai shi duk zai rufe. Ya koma aka ƙarasa masa ɗaya ɓangaren, ya fita yana rufe baki da hannu kamar mai ciwon haƙori. Mai Aski kuwa tun daga ranar ya koma yi wa mutane aski ƙofa a rufe.

Bayan haka Auta ya ce shi wutar dafa shayi kawai zai iya bayarwa, in ba a so a nemi wani darakta. A kan wannan wutar, da ƙyar da jiɓin goshi, abubuwa suka fara fitowa daga tsakanin ƙusoshin. Ba biyu da suka yi kama. Wani ya fito kamar ƙaramar taɓarya, wani kamar ƙafar kaza, wani ciki ya yi masa yawa a tsakiya kamar ya haɗiyi ƙwai. Duk jikinsu gashi-gashi ne, samfefar goge katako kuma ƙara tayar da gashin take yi. Kawu ya jera su a kan tabarma yana kallonsu kamar 'ya'yansa.

"Na roba ne ke fitowa iri ɗaya," ya ce wa masu kallo. "Nawa kowanne da halinsa."

Ya gasa tsinken tsohuwar lema a wuta yana huda su, suna cuu suna tururi, layin duk ya ɗauki warin dafaffen ganye. Sannan ya sayo kwalin biro, ya zauna yana fasa su ɗaya bayan ɗaya, yana zare hanjin yana cusawa a cikin nasa. Mai Aski ya tsallako ya tsaya a kansa.

"Kawu, tambaya gare ni. Biron nan da kake fasawa, yana rubutu?"

"Yana yi."

"In ka sa hanjin a naka fa?"

"Wani yana yi."

"Wato kana kashe mai rubutu don ka haifi wanda wataƙila zai yi."

"Kai aski ka sani. Kullum rage abu kake yi, shi ya sa ba ka gane ƙari."

Saura ƙyalli. Mutumin waya alƙalaminsa na sheƙi, kuma Kawu bai ga abin da ya shafa ba, tunda cajin ya ƙare kafin a zo wurin. Ya zauna ya yi nazari, ya tuna ba abin da ke sheƙi kamar alewa. Ya dafa sukari har ya yi kauri, ya tsoma alƙaluman ciki ɗaya bayan ɗaya, ya shanya. Suka yi ƙyalli kuwa, har matarsa da ta wuce sai da ta waiga. Amma da rana ta buge su, sai suka fara tsagewa suna lanƙwashewa kamar ayaba. Kawu ya ce ƙishi ne. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya tura su ƙarƙashin randa inda ke da sanyi, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma.

Ana saura 'yan kwanaki taron, matarsa ta je ɗiban ruwa ta kira shi.

"Baban yara, zo ka ga kamfaninka ya yi ganye."

Ya buɗe buhun. Kusan kowane alƙalami ya fitar da ɗan tsiro kore shar a gefe, tururuwa kuma sun yi layi suna shiga suna fita kamar ranar kasuwa. Kawu ya daɗe yana kallo.

"Kin taɓa ganin kamfanin da alƙalaminsa ke da rai?"

"Ban taɓa ba. Ka je ka gaya wa shugabar gaskiya, ni zan raka ka."

"In gaya mata me? Cewa kayan sun fi yadda na yi alkawari?"

Ya karkaɗe tururuwan da ya iya, ya bi tsiron da reza ya aske, ya zuba alƙaluman a kwali. Sannan ya juya kan na babban baƙo. Wannan ya zaɓo masa reshe mai kaurin hannun jariri, ya ce babban mutum ba ya riƙe siririn abu. Ba hanjin biron da zai cika wannan rami, don haka ya yanke shawarar ɗura tawada kai tsaye. Ya toshe ƙasan da kan biro, ya juye kwalbar tawada shuɗiya a ciki. Ya leƙa, ramin wayam. Itacen ya shanye. Ya ƙara wata kwalbar, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai da ya yi ta ɗurawa har alƙalamin ya ƙoshi ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen soso. Da ya ga shuɗin na neman fitowa ta jiki, sai ya narka kyandir ya shafe shi tun daga sama har ƙasa, ya naɗe da takarda mai walƙiya.

"Wannan," ya ce wa Auta, "jikokinsa ma ba za su ga ƙarshen tawadarsa ba."

Ranar taro aka kafa rumfar tamfol a filin makaranta, aka ɗaure igiyoyinta a turaku. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, amma rana ta fito da zafinta. Iyaye suka cika kujeru, yara suka zauna a gaba cikin fararen riguna. Matar Kawu, wadda ta sha wahalar fitar da ɗigon zogale daga rigunan nan, ta zaɓi kujerar ƙarshe kusa da ƙofar fita. Babban baƙo ya iso cikin farar riga ƙal mai aiki a wuya, yana tafe tana ƙara saboda sitaci.

Aka fara kiran yaran da suka yi zarra, ana miƙa wa kowanne alƙalami daga kwalin. Na farko ya karɓa, alƙalamin ya manne masa a tafin hannu, ya yi ta yarfewa bai fita ba. Na biyu ya koma wurin zamansa ya fara susa. Kafin a kira na gaba, layin gaba duka na susa, don tururuwan da suka kwana cikin ramukan sun fito shan iska. Wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, nawa yana da ganye."

"Nawa ma," in ji na kusa da ita. "A shuka ake yi?"

Iyaye suka fara gunaguni. Shugabar ta waiga tana neman Kawu da ido, sai ta gan shi ya riga ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, abin da kuke gani sabon salo ne. Yaro ya yi rubutu, in ya gama makaranta ya dasa, ya zauna a inuwar iliminsa. Yanzu kuma ga kyautar babban baƙonmu."

Ya miƙa da hannu biyu. Babban baƙo ya karɓa, hannunsa ya ɗan yi ƙasa.

"Da nauyi," ya ce.

"Ilimi ne a ciki, ranka ya daɗe."

Baƙon ya yi dariyar manya, ya cire takardar, ya cusa alƙalamin a aljihun ƙirji, rabinsa a waje. Aka tafa. Da Kawu ya tsaya nan, da wataƙila an tashi lafiya. Amma tafin ya shiga kansa.

"Kuma domin kada a ce daga waje aka shigo da su, yanzu a gabanku zan fere ɗaya. Darakta, shigo da inji."

"Ba ya cikin tsarin taro," in ji shugabar, amma makirfo ba a hannunta yake ba.

Auta ya turo babur yana sunkuyar da kai, benci a ɗaure a baya. Aka kafe jak a gaban rumfa, aka ɗaura tiyub, aka soka guntun zogale.

"Yaya, ƙasar nan da taushi," in ji Auta a hankali. "Jak ɗin na nutsewa."

"Ka ba shi wuta ta kamfani. Manya na kallo."

"Yaya, na rantse ba zan ƙara ba."

Kawu ya ture shi, ya miƙa hannu ya murɗa da kansa. Babur ya yi kuka, jak ya ƙarasa nutsewa, tayar baya ta taɓa ƙasa. Abin da ya biyo baya kowa da yadda yake ba da labarinsa. An dai yarda cewa babur ɗin ya tafi ba direba, benci na binsa, Kawu na bin benci domin gefen rigarsa ya naɗe a ƙusa. An kuma yarda cewa a hanyarsu sun kwashe igiyoyin rumfa na gefe guda. Guntun zogalen ya tashi sama, ya wuce ta kan babban baƙo ya tafi da hularsa. Baƙon ya zabura, ya dafe ƙirji da hannu biyu da iyakar ƙarfinsa.

Kyandir ɗin dama rana ta riga ta tausasa shi. Alƙalamin ya matse kamar soso, duk tawadar da ya sha ya amayar da ita a lokaci guda. Ta fito ta tsakanin yatsun baƙon, ta gangara cikin farar riga, ta yi tsalle ta sami gemu.

"An harbe shi," wata mata ta faɗa daga baya, wuri ya yamutse.

Wata uwa da ke aikin jinya ta tsallake kujeru ta iso, ta kwantar da shi a kan tebur, ta janye hannayensa tana neman rauni. Ta tsaya. Ta shinshina yatsunta.

"Wannan jinin shuɗi ne."

Daga can ƙarƙashin tamfol ɗin da ya rufta, inda babur ya kwanta yana tari, aka ji murya.

"Kada kowa ya tsorata. Alƙalamin ne ya fara rubutu."

Babban baƙo ya tashi zaune a kan tebur. Ya dubi rigarsa, ya dubi tafin hannunsa, ya shafa gemu ya ƙara shafa wa fuskarsa shuɗi. Yara suka danne dariya har wani ya shaƙe. Ya juya wurin shugabar.

"Malama, wa ya kawo mutumin nan?"

Sai aka ga matar Kawu ta taso daga kujerar ƙarshe. Ƙofar fita na kusa da ita, amma gaba ta nufo, ta zo ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, Malama ba ta da laifi, ni ta duba ta yarda. Mijina ne. Ba ni na aike shi ba, amma ni ke zaune da shi. Rigar nan ba za ta wanku ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni tela ce. Ka ba ni ita in ɗauki awo, in ɗinka maka wata da hannuna. In ba ta kai wannan ba, ka hukunta ni, kada ka hukunta yaran da ruwa ke zuba a ajinsu."

Baƙon ya dube ta, ya dubi ƙafafun Kawu da ke motsi a ƙarƙashin tamfol.

"Tun yaushe kike zaune da shi?"

"Tun ina yarinya."

"Kullum haka yake?"

"Yau da sauƙi, ranka ya daɗe. Ko gobara ba a yi ba."

Dariya ta ƙwace wa baƙon, ya yi ta yi har hawaye suka yi masa layi biyu a cikin shuɗin. Ya ce matar da ta iya wannan zaman ba ɗinkin da zai gagare ta. Rufin aji yana nan, riga kuma yana jira. Shugabar ta sauke numfashi, ta sa aka bi yara aka karɓe alƙaluman, ban da na yarinyar nan da ta ce ita sai ta dasa nata.

Washegari mutanen layi suka ga ɗakin ɗinki a buɗe, suka kuma ji gidan shiru, abin da ba su saba ba. Mai Aski ya kasa haƙuri ya yi sallama ya leƙa. Ya tarar da Kawu tsaye a tsakiyar ɗaki a kan wani ɗan akwati, hannuwa a buɗe kamar mai shirin tashi sama, an lulluɓe shi da sabon farin yadi. Ashe tsawonsu ɗaya da babban baƙo, faɗin kafaɗa ma haka, don haka matarsa ta ce a jikinsa za ta gwada. Allurai kuma, da yake hannuwansa ba su da sarari, ta jera masa su a tsakanin leɓɓa ta ce ya riƙe mata. In ta zare ɗaya ta soka a yadi, sai ta mayar da biyu.

"Kawu, barka da hutawa," in ji Mai Aski. "Yaya kamfani?"

Idanun Kawu suka firfito. Amsa na nan cike da bakinsa, ana ganinta tana kumbura masa kumatu.

"Kada ka motsa, Baban yara," in ji matarsa ba tare da ta ɗago ba. "In ka haɗiye ɗaya, ba ni da wata."

"An ce ɗan sandan nan ma ya zo wucewa jiya ya ga komai," in ji Mai Aski. "Ba ka da abin cewa?"

Kawu ya yi wani ƙaramin sauti ta hanci.

"Aikin zai daɗe, Yaya?" Mai Aski ya tambayi matar.

"Riga ce ta babban mutum. Ba a gaggawa."

Mai Aski ya koma ya rufe shagonsa, ya dawo da kujera, ya zauna a bakin ƙofa ya harɗe ƙafa. Auta ya zo da hannun babur a karkace, shi ma ya nemi wuri. Kafin azahar tsakar gidan ta cika, kowa ya yi tsit yana kallon Kawu. Da maraice Mai Aski ya tashi ya naɗe kujerarsa, ya ce tun da yake a layin nan bai taɓa jin hirar Kawu ta yi daɗi kamar ta yau ba, kuma in Allah ya kai mu gobe shi ne zai fara zuwa kama wuri.